Me Ya Sa Motar Da Aka Ƙara Wa Ƙarfi Ke Kasa Riƙe Kwalta Idan An Yi Ruwa?

A manyan biranen Najeriya, irin su Abuja da Legas da Kano da Kaduna, akwai masu sha'awar yi wa motocinsu kwaskwarima domin su zarce yadda kamfani ya ƙera su a gudu da rugugi da kyan gani. Akan taɓa kwamfutar inji a ƙara masa ƙarfi, a sauya salansa, a sa manyan rim da faffaɗan tayoyi, sannan a sauke jikin motar har ya kusa shafar ƙasa. Da rani irin wannan mota takan manne wa kwalta kamar an liƙa ta. Da zarar damina ta sauka kuwa, sai halinta ya sauya: a taɓa totur bayanta ya murɗe, a shiga kwana gabanta ya ƙi bin sitiyari, a taka birki ta ci gaba da sulalewa.

Masu irin waɗannan motoci sukan ɗauka wani abu ne ya lalace, su yi ta zarya tsakanin bakanike da mai faci. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Mafi yawan gyare-gyaren da ake yi don gudu an tsara su ne domin busasshiyar hanya, kuma kusan kowane ɗayansu yana rage wani kaso na riƙon da motar ke da shi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ana iya ƙara ƙarfin inji a gareji cikin yini guda, amma iyakar riƙon hanya tana hannun abubuwa uku ne: taya, da kwalta, da ruwan da ya shiga tsakaninsu.

Tafin hannu huɗu

Komai girman mota da tsadarta, wurare huɗu ne kacal take taɓa ƙasa, kuma kowane wuri bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ta waɗannan wurare huɗu ne duk wani umarni na direba ke isa ga hanya, ko na tashi, ko na juyawa, ko na tsayawa.

Roba tana kama kwalta ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce mannewa: fuskar roba da fuskar tsakuwa suna haɗuwa su kama juna idan babu komai a tsakaninsu. Ta biyu ita ce lotsawa: ƙananan tsinin tsakuwar da ke jikin kwalta suna nutsewa cikin roba, ita kuma tana jinkirin komawa daidai, sai wannan jinkiri ya zama turjiya. Ruwa, ko da siririn lulluɓi ne da ido ba ya gani sosai, yana kashe mafi yawan mannewar, ya bar taya da lotsawa kaɗai.

Injiniyoyi suna auna riƙo da lamba. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta takan samu kusan 0.8 ko sama da haka, a jiƙaƙƙiya kuma lambar takan sauko zuwa tsakanin 0.4 da 0.6. Ga abin da wannan ke nufi a aikace. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan riƙon 0.8 ne, tana buƙatar kimanin mita 49 daga kamawar birki zuwa tsayawa. Idan ya sauko zuwa 0.4, nisan ya koma kimanin mita 98. Wannan ban da mita 28 ɗin da za ta ci idan direba ya ɗauki daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta isa birki. Dalilin ke nan da ƙa'idar hanya ta Birtaniya ke gargaɗin cewa nisan tsayawa yakan ninka, ko ya fi haka, a lokacin ruwa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kamata duk mai mota mai ƙarfi ya riƙe. Riƙon da taya ke da shi kasafi ɗaya ne, kuma daga cikinsa ake cire na tashi da na birki da na kwana. Idan an ƙarar da shi wajen ba mota wuta, babu abin da zai rage na hana ta zamewa gefe. Ruwa yana rage kasafin kusan da rabi, ƙarin ƙarfin inji kuma yana sa a cinye abin da ya rage cikin ƙiftawar ido.

Aikin zanen taya

Zanen da ke jikin taya magudanan ruwa ne. Manyan layukan da suka zagaye ta suna karɓar ruwa su fitar da shi ta baya, waɗanda suka ratsa gefe suna watsa shi waje, ƙananan tsagu kuma suna share ɗan lulluɓin da ya saura domin roba ta taɓa tsakuwa. A gudun kilomita 100 a awa, kowane ɓangare na taya yana zama a ƙasa na kusan kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa ne kawai, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ake son a kori ruwan, a kama hanya.

Sabuwar tayar motar gida takan zo da zurfin zane na kusan milimita 8. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta hana hawa titi da tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, kuma masana da dama suna ba da shawarar a sauya ta tun tana milimita 3, domin daga nan ne ƙarfinta na korar ruwa ke raguwa da sauri. A cikin manyan layukan akwai wasu 'yan tudu da kamfani ya dasa a daidai milimita 1.6. Duk ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, tayar ta suɗe.

Idan ruwan ya fi ƙarfin magudanan, sai ya taru a gaban taya, ya kutsa ƙarƙashinta, ya ɗaga ta daga kwalta. Daga nan motar ta zama kwalekwale, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, birki ya daina aiki. Wannan shi ne hawan ruwa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi nazarinsa a kan tayoyin jiragen sama, kuma a 1963 masananta biyu, Walter Horne da Robert Dreher, suka fitar da lissafin da ya danganta gudun da taya ke hawa ruwa da yawan iskar da ke cikinta. Bisa wannan lissafi, idan ruwa ya kwanta har ya shanye zane, tayar da ke da iska 36 a ma'aunin PSI da masu faci ke amfani da shi za ta rabu da ƙasa ɗungurungum a kusan kilomita 100 a awa, mai iska 25 kuma a kusan kilomita 83. Riƙon yakan fara raguwa tun kafin a kai waɗannan lambobi, musamman idan taya ta suɗe.

Wannan ya rushe wata fahimta da ta yaɗu, cewa rage iska yana sa taya ta ƙara kama ƙasa a cikin ruwa. Taya mai ƙarancin iska tsakiyarta ke lotsawa ciki, sai ruwa ya samu wurin zama. Cika ta fiye da ƙima ma ba magani ba ne, domin yana rage faɗin da ke taɓa hanya. Adadin da kamfanin mota ya rubuta a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai shi ne abin bi.

Faffaɗar taya da tayar tsere

Abu na farko da mai son gudu ke sauyawa shi ne taya, kuma yakan nemi wadda ta fi faɗi. A busasshiyar hanya wannan yana da amfani. A cikin ruwan da ya kwanta, faɗin kaya ne. A ɗauki ruwa mai zurfin milimita 2 da gudun kilomita 100 a awa: tayar da faɗinta milimita 195 ne dole ta kawar da kusan lita 11 a kowace daƙiƙa, mai faɗin milimita 275 kuma kusan lita 15. Irin wannan faffaɗar taya guda biyu suna fama da fiye da jarka mai lita 25 a kowace daƙiƙa. Ga shi kuma nauyin motar bai ƙaru ba, don haka wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara faɗi amma ya gajarta, ruwan da ke tsakiya yana da tafiya mai nisa kafin ya fita gefe. Idan har an rage wa motar nauyi, kamar yadda wasu ke cire kujerun baya da safaya, abin da ke danna taya ta huda ruwa ya ƙara raguwa.

Wasu kuma sukan sa tayoyin baya su fi na gaba faɗi sosai. A tafiya miƙe, tayar gaba ce ke share wa ta baya hanya. Idan ta baya ta fi sawun ta gaba faɗi da yawa, gefunanta suna cin karo da ruwan da ba a share ba.

Sai nau'in tayar kanta. Akwai tayoyin da aka yi domin filin tsere amma doka ta yarda a hau titi da su. Zanensu kaɗan ne, ba shi da zurfi tun suna sababbi, kuma robarsu sai ta ɗauki zafi take kama hanya yadda ya kamata. Ruwan sama yana sanyaya su, ya kuma tarar ba su da isassun magudanai. Tayoyin titi masu inganci kuwa ana cakuɗa robarsu da sinadarin silika, dabarar da kamfanin Michelin ya fito da ita kasuwa a 1992, wadda ke taimaka wa roba ta kama jiƙaƙƙiyar hanya ba tare da ta ƙara wa mota shan mai ba. Don haka ana iya samun tayar da ta fi tsada, ta fi riƙo da rana tsaka, amma tayar motar gida ta fi ta tsayawa da wuri idan an yi ruwa.

Ƙarfin da ya fi ƙarfin taya

A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500 wadda ƙafafun baya ke ja, kuma suna ɗauke da kusan rabin nauyin, wato kilo 750. Idan riƙo 0.9 ne, tayoyin baya za su iya tura motar da ƙarfin da ya kai na nauyin kilo 675 kafin su fara juyawa a banza. Idan ruwa ya mayar da riƙon 0.5, iyakar ta sauko zuwa 375. Mota mai ƙarfi, ko ba a taɓa injinta ba, tana iya zarce wannan iyaka a giya ta ɗaya da ta biyu. Duk abin da aka ƙara a kai ba ya zama gudu, sai dai ya sa taya ta yi ta gurzar ruwa.

Yadda ƙarfin ke zuwa ma yana da tasiri. Injin da aka sa wa babban turbo, ko aka sauya lissafin kwamfutarsa, yakan yi sanyi-sanyi a ƙasa, sannan ya kawo ƙarfinsa gaba ɗaya a lokaci guda. Wasu kuma sukan sa a gyara totur ya riƙa amsawa da ɗan taɓi. A busasshiyar hanya wannan daɗi ne ga direba. A tsakiyar jiƙaƙƙen shataletale kuwa, shi ne ke sa bayan mota ya wuce gabanta.

Motocin da masu wannan sha'awa suka fi so, irin su BMW 3 Series da Mercedes-Benz C-Class da Lexus IS da Ford Mustang da Dodge Charger, galibinsu baya ne ke ja. Idan tayoyin baya suka kuɓuce, motar juyawa take yi, kuma kamo ta yana buƙatar gwaninta da fili. Wadda gaba ke ja, kamar Toyota Camry ko Honda Accord, idan aka ba ta wuta fiye da ƙima a kwana, miƙewa take yi ta nufi gefen hanya ko hannun masu tahowa.

Akwai wani akwatin haƙoran ƙarfe a tsakanin ƙafafun da ke ja, wanda ke ba ƙafar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan an shiga kwana. Masu wasan zamiya da mota sukan yi masa walda domin ƙafafun biyu su riƙa juyawa tare. Motar da aka yi wa haka, dole ɗaya daga tayoyin bayanta ta ja ƙasa a kowace kwana, kuma idan hanya ta jiƙe, biyun sukan saki a tare. An yi gyaran ne domin motar ta zame, kuma za ta zame ko direba ya so ko bai so ba.

Sauke mota da taurara ƙafafu

Sauke jikin mota yana tafiya ne da gajerun sifirin masu tauri, da shoka mai tauri, wato na'urar da ke shanye girgiza. Manufar ita ce a hana motar kwanciya gefe a kwana. Sai dai ƙafa mai tauri ba ta bin tudu da kwarin hanya, tsalle take yi a kansu, kuma tayar da nauyi ya ɗaga daga kanta na ɗan lokaci ba ta da riƙo. Tauri kuma yana sa nauyin mota ya faɗa kan tayoyin waje farat ɗaya, alhali jiƙaƙƙiyar hanya tana son a ɗora mata nauyi a hankali. Mafi muni shi ne yanke sifirin da injin yankan ƙarfe a bar tsohuwar shoka, domin ita ba a yi ta don wannan tsawo ba, kuma takan mutu da wuri.

Sauke mota yana kuma karkatar da ƙafafu, samansu ya kwanta ciki. Kaɗan daga wannan karkata yana taimakawa a kwana, amma idan ya yi yawa motar tana tafiya ne a kan gefen ciki na taya. Can ne take cinyewa, inda ido ba ya kaiwa. Mai mota zai duba daga waje ya ga zane raɗau, alhali gefen ciki ya suɗe har waya ta kusa fitowa. Idan ba a sake daidaita saitin ƙafafu bayan an sauke motar ba, tayoyin suna jan juna ko a miƙaƙƙiyar hanya, wato suna cin kasafin riƙo tun ba a nemi komai a wurinsu ba.

Na'urorin da aka kashe ko aka rikita

Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz sun fito da birkin ABS na zamani a 1978, wanda ke hana ƙafa ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. A 1995 suka fito da na'urar daidaita mota, wadda kamfanoni ke kira ESP ko ESC ko DSC ko VSC. Ita wannan tana gwada inda sitiyari ya nufa da inda motar ke tafiya, idan ta ga saɓani sai ta rage wuta, ta kama birkin ƙafa ɗaya domin ta dawo da motar kan layi. Amfaninta ya sa Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014.

Direbobi da dama sukan danna maɓalli su kashe ta domin tana hana su jin daɗin motar, wasu ma sukan cire fis ɗinta baki ɗaya. Akwai kuma waɗanda ba su kashe ta ba amma sun rikita ta. Na'urar tana dogara ne da ƙidayar juyawar kowace ƙafa. Idan aka sa tayoyin da tsayinsu ya saɓa wa abin da kamfani ya tsara, musamman tsakanin gaba da baya, lissafinta yakan karkace, ta shiga inda bai kamata ba ko ta makara. Fitilar ABS ko ta alamar mota mai zamewa da ta ƙi mutuwa a allon gaban direba sanarwa ce cewa kariyar ba ta aiki, kuma liƙe ta da baƙin salatif ba ya dawo da ita.

Manyan birki ma ba sa ƙara riƙo. Amfaninsu shi ne jure zafi idan ana ta takawa a jere. A cikin ruwa, birkin kamfani ya riga ya fi ƙarfin taya, kuma wasu takalman birki na tsere sai sun yi zafi suke kamawa sosai. Haka nan motar da ƙafafunta huɗu ke ja tana tashi da sauƙi a santsi, abin da ke sa direba ya saki jiki, amma wajen tsayawa ba ta fi sauran motoci da komai ba, domin kowace mota da ƙafa huɗu take birki.

Yadda masu tsere ke yi da ruwa

Abin lura shi ne, waɗanda ake kwaikwayo ba sa shiga ruwa da shirin rani. A gasar Formula One, motoci suna gudu da tayoyi marasa zane idan fili ya bushe, amma da an fara ruwa sai su shiga a sauya musu masu zane. Kamfanin Pirelli, wanda ke samar wa gasar tayoyi tun 2011, ya ce tayarsa ta ruwa mai yawa tana iya watsar da lita 85 a daƙiƙa a gudun kilomita 300 a awa. A gasanni da dama, idan ana sa ran ruwa, injiniyoyi sukan sassauta taurin ƙafafu su kuma ɗan ɗaga motar.

Duk da haka ruwa yakan gagare su. A watan Agustan 2021 an kasa gudanar da tseren Beljiyam yadda aka saba, aka tsaya bayan 'yan zagaye a bayan motar tsaro, saboda ruwan da ya kwanta da feshin da ke rufe gani. A Oktoban 2014, a filin Suzuka na Japan, motar direba ɗan Faransa Jules Bianchi ta kuɓuce a jiƙaƙƙiyar kwana ta daki motar ɗaga kaya, kuma ya rasu a Yulin 2015 sakamakon raunin da ya ji. Waɗannan ƙwararru ne, a filin da aka killace, babu mai tahowa, babu ɗan acaɓa, babu yaro mai tsallaka titi.

Hanyoyinmu da kasuwar taya

Yanayin Najeriya yana ƙara wa matsalar nauyi. A arewa akan shafe wata shida ko fiye ba a ga ruwa ba, ƙurar hunturu da ɗigon baƙin mai da dizal da garin roba suna taruwa a kan kwalta. Ruwan farko, musamman yayyafi, yana kwaɓa su su zama kamar sabulu, kuma sai an yi mamako suke wankewa. Manyan motoci suna lotsa kwalta su bar kwari biyu a sawunsu, inda ruwa ke kwanciya daidai wurin da taya ke bi. Tsohuwar kwaltar da tsakuwarta ta goge tana sheƙi, fentin layi, murfin ƙarfe na magudana, mahaɗar gada, da jar lakar da motoci ke kwasowa daga hanyoyin unguwa, duk wurare ne da riƙo ke faɗuwa ba sallama. Faffaɗan tituna masu santsi irin na hanyar filin jirgin saman Abuja ko gadar Third Mainland a Legas kuwa suna kiran direba ya ƙara wuta.

Sai batun tayoyin hannu. Manyan tayoyi masu faɗi suna da tsada, don haka wanda ya ƙarar da kuɗinsa a inji da rim yakan koma ga na gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su. Roba tana bushewa ta taurare da shekaru ko da zanenta bai taɓu ba, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta hakan. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da haruffan DOT ya ƙare da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin direbobi a kan tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa.

Motocin da ake shigowa da su daga Kanada da arewacin Amurka da Turai wani lokaci sukan zo da tayoyin ƙanƙara, masu alamar dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Zanensu mai yawa yakan ruɗi mai saye, amma robarsu ta sanyi ce, a zafi takan yi laushi fiye da ƙima, ta tsawaita nisan birki.

Ta ina gyara zai fara

Daga taya ake farawa. A nemi huɗu iri ɗaya, sababbi, masu girman da kamfanin motar ya amince da shi. Tun Nuwamban 2012 Tarayyar Turai ta wajabta manna takardar daraja a jikin sabuwar taya, kuma tun Mayun 2021 darajar riƙo a ruwa tana tafiya ne daga A zuwa E, inda A ta fi kowace. Tayoyin kasuwar Amurka suna ɗauke da darajar AA ko A ko B ko C a gefensu, wadda ke nuna ƙarfin birki a jiƙaƙƙiyar hanya. Idan biyu kawai aljihu zai iya, kamfanonin taya suna ba da shawarar a sa sababbin a baya, ko da gaba ne ke ja, domin kuɓucewar baya ta fi wuyar kamowa. A kuma duba kibiyar da ke gefen wasu tayoyi: idan mai faci ya ɗaura ta a juye, zanen zai riƙa tara ruwa a tsakiya maimakon watsa shi.

Bayan taya, a auna iska da safe kafin a yi tafiya, a kai motar a daidaita saitin ƙafafu, a leƙa gefen ciki na kowace taya, a sauya shokar da ke yoyo. Wanda ƙafafun motarsa ke da wurin sassautawa ya sassauta su, ya ɗan ɗaga ta. Wanda kwamfutar injinsa ke da zaɓi ya koma lissafin kamfani har damina ta wuce. A gyara duk abin da ya kunna fitilar ABS, a bar na'urar daidaita mota a kunne. Duk wannan aikin kafin saukar ruwa ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran aikin na direba ne. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta sa wa motocin gida iyakar kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu, kuma waɗannan iyakoki ne na lokacin da hanya ke lafiya. Nisan birki yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: wanda ya ninka gudunsa ya ninka nisan tsayawarsa sau huɗu. Saukowa daga 100 zuwa 70 kaɗai yana rage nisan birki da kusan rabi. A bar tazarar daƙiƙa huɗu ko fiye tsakani da motar gaba, a rage gudu kafin kwana, a jira sitiyari ya miƙe kafin a ba da wuta, a kashe na'urar da ke riƙe gudu da kanta, a kuma kauce wa kwarin da ruwa ya kwanta.

Idan sitiyari ya yi sakwaf, ko ƙarar inji ta tashi ba tare da gudu ya ƙaru ba, motar ta hau ruwa. A ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari inda ake son zuwa, kada a fizge shi, kada a daka birki. Da gudu ya ragu tayoyin za su koma ƙasa, kuma duk inda suke kallo a wannan lokaci can motar za ta nufa. Idan tsayawa ta zama dole kuma motar tana da ABS mai aiki, a taka birki a riƙe, ko da ana jin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafa. Idan ruwan ya kai ga rufe gani, a nemi wuri nesa da bakin titi a tsaya. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Mai son gwada iyakar motarsa yana da wurin yin haka, a killataccen fili da izinin hukuma. Titin gari kuwa na kowa ne, da mai Keke Napep da ɗalibi da mai talla, kuma babu ɗayansu da aka yi shawara da shi ranar da aka ƙara wa injin ƙarfi.